Waiwaye: Dokokin lantarki da garin da ke ƙarshen waya

Duk wanda ya san Yana, hedikwatar ƙaramar hukumar Shira a jihar Bauchi, ya san ba a kafa sana'a a kan wutar gwamnati. Mai niƙa da injin dizal ya dogara, mai walda da janareta. Mai ƙanƙara kuwa, idan azumi ya faɗo cikin bazara, daga nesa yake sayowa ya binne ta cikin ƙaiƙayi, kafin la'asar rabi ya zama ruwa. Kuma ba don ƙasar nan ta rasa dokokin lantarki ba.

Tun 1950 Turawa suka kafa hukumar lantarki ta ECN. A 1962 aka yi dokar hukumar madatsun kogin Neja, ita ta gina Kainji da aka gama a 1968, daga baya ƙarfinta ya kai megawat 760. Gwamnatin Gowon ta haɗe biyun a 1972 ta fito da NEPA, sannan Jebba da Shiroro suka biyo baya. Tunanin duka ɗaya ne: a haifi wuta a babbar tasha, gwamnatin tarayya ta riƙe linzami, kowane gari ya jira waya ta iso shi. Wanda ke ƙarshen waya shi ne na ƙarshen samu, na farkon rasawa.

Abin da ya fi ci min rai shi ne madatsar Dadin Kowa. An tare kogin Gongola a shekarun 1980, lokacin Gombe na cikin jihar Bauchi. Ga ruwa jibge, ga wurin injina, amma sai da aka haura shekara 30 kafin megawat 40 ɗin nan ya shiga layi. Jiha na kallo ba ta da ikon taɓawa, tarayya na da iko hankalinta na wani wuri. Yaran da aka haifa ana aikin madatsar sun aurar da nasu 'ya'yan kafin ta haska ɗaki.

Dokar 2005 ta zamanin Obasanjo ta kafa hukumar sa ido ta NERC, ta yanka NEPA gida 18. A Nuwamban 2013 aka miƙa rarraba wuta ga 'yan kasuwa, Bauchi ta faɗa rabon kamfanin Jos tare da Filato da Gombe da Binuwai. Ban ga laifin ɗan kasuwa ba idan ya bi inda kuɗi suke. Laifin na dokar da ba ta tilasta masa waiwayar ƙananan garuruwa ba ne. A garuruwa da yawa, taransifoma na ƙonewa sai mai unguwa ya fito da littafi a shiga karo-karo gida-gida, alhali a ƙa'idar NERC gyaran na kamfani ne. Da aka zo da tsarin raba masu amfani da wuta rukuni-rukuni, a Afrilun 2024 masu samun awa 20 a rana suka koma biyan naira 225 kowane yunit, nan aka ƙara gane inda wuta za ta fi karkata. Sai Oktoban 2024, layin Shiroro zuwa Kaduna ya lalace a hannun maɓarnata, na Ugwuaji zuwa Apir ya faɗi, Arewa ta yi fiye da mako cikin duhu.

Yanzu dai uzurin rashin iko ya ƙare. A Maris 2023 Buhari ya sa hannu kan gyaran tsarin mulki, a Yuni Tinubu ya sa hannu kan sabuwar dokar lantarki, jihohi suka samu damar samar da wuta da rarraba ta da kafa hukumar sa ido tasu. Tsorona kada a kwafi tsohon tunani a ƙaramin sikeli, Bauchi ta zama Abuja, Yana ta ci gaba da jiran abin da ya rage daga Azare. Dokar jiha ta fara auna kanta da awa nawa wuta ke zama a Yana da Disina da Giade, a rubuce, da hukunci idan an gaza.

Hanya ma tana nan. Tun 2016 ƙa'idar NERC ta yarda a kafa ƙaramar tashar hasken rana ta gari guda: a ƙa'idar ta wancan lokaci, ƙasa da kilowat 100 rajista kawai take buƙata, har zuwa megawat 1 kuma izini. Irin wannan za ta ɗauki injinan niƙa da shagunan walda na kasuwar Yana da asibitin garin, ko layin Shiroro ya faɗi ko bai faɗi ba.