Lissafin da ake yi da igiyar ƙararrawa

Ɗalibai, ga tambaya: idan aka ba ku ƙararrawa uku, ta hanya nawa za ku jera sautinsu ba tare da maimaici ba? Shida. Idan ƙararrawar shida ce, hanyoyin sun kai 720. Idan bakwai ce, 5,040. Wannan lissafin da muke fama da shi a allo, mutanen ƙauyukan Ingila da igiya suke yinsa, kuma don sha'awa kawai.

A hasumiyar coci akan rataye ƙararrawa shida ko takwas, kowacce a jikin babban gargare na katako da igiya ta zagaye shi. Mutum ɗaya, igiya ɗaya. In ya ja, ƙararrawar ta yi cikakken zagaye, ta tsaya bakinta na kallon sama, sannan ta dawo. Nauyinta ya hana a gaggauta ta: wajen daƙiƙa biyu take ɗauka kafin ta sake bugawa, don haka ba a iya rera waƙa da ita. Sai masu kaɗawa suka ƙirƙiro wata dabara: a riƙa sauya jeri a kowane zagaye, bisa sharaɗin kada wata ƙararrawa ta tsallake fiye da gurbi ɗaya, kada kuma jeri ya maimaitu. Tun a 1677 Fabian Stedman ya wallafa littafi a kan wannan tsari, kuma har yau akwai salon kaɗawa mai sunansa.

Abin da ya fi burge mu shi ne ba a riƙe takarda. Kowa ya haddace hanyar da ƙararrawarsa za ta bi, yana kallon igiyoyin 'yan uwansa, yana kasa kunne. Kammala jeri 5,040 kan ci kusan awa uku a tsaye, kuma in jeri ɗaya ya maimaitu, aikin duka ya rushe. A 1963, a garin Loughborough, mutum takwas suka kaɗa dukkan jeri 40,320 na ƙararrawa takwas cikin kusan awa 18.

Sabon shiga ba ya fara da lissafi. Makonni yake yi yana koyon riƙon igiya, malami na tsaye kusa da shi, domin ƙarfen da ya fi shi nauyi sau da yawa yana iya ɗaga shi sama in ya yi sakaci. Ana haɗuwa dare ɗaya a mako, ɗan makaranta da tsohuwa mai jikoki a layi guda, kuma ba sai kana zuwa cocin ake koya maka ba.

Damuwarsu yanzu ita ce masu kaɗawa na tsufa, matasa ba sa shigowa yadda ake bukata. Gabanin naɗin Sarki Charles a Mayun 2023 sai da aka yi gangamin neman sabbin masu koyo, don kada wasu hasumiyoyi su yi shiru ranar bikin. Wannan ilimi ne da littafi kaɗai ba ya riƙe shi; in ƙungiyar ƙauye ta watse, babu wanda zai tsaya bayan yaro ya kama masa igiya.

Ga aikin wannan mako. Ɗauki ƙararrawa huɗu, ku fara da 1234, sai 2143, sai 2413. Ku ci gaba bisa sharaɗin nan har ku cike jeri 24, ku dawo 1234. A jeri na takwas za ku gane inda gizo ke saƙar.