Kada a Bari Sai Daren Naƙuda

Jama'a, akwai maganar da muka daɗe muna kewaye ta saboda kunya. Maganar mace mai jiki ce, wadda Allah ya ba juna biyu, ta kuma ƙudurta a ranta cewa a ɗakinta za ta haihu, kamar yadda uwarta da kakarta suka yi.

Ban ga laifinta ba. Mu ne muka raine ta a kan haka. Amarya ta yi ƙiba, sai a ce miji ya iya kiwo, har wasu 'yan mata na shan sha-ka-fashe don su ciko. Wadda kuma ta haihu ita kaɗai a ɗaki, ita ake yabo: "Ko uffan ba ta ce ba, sai kukan jariri aka ji." Binciken lafiyar iyali na ƙasa na 2018 ya nuna haihuwa 39 cikin ɗari ce kawai ake yi a asibiti a Najeriya, a Arewa maso Yamma kuwa ba ta kai biyu cikin goma ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mata kusan 82,000 suka rasu a ƙasar nan a dalilin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya bisa huɗu na duk duniya. Kowace cikinsu 'yar wani ce, kuma da yawa marayu suka bari.

Ƙibar da nake nufi ba da ido ake gane ta ba, lissafi gare ta. Ma'aikatan lafiya suna kiransa BMI: a raba nauyin mutum a kilo da tsayinsa a mita, sannan a sake rabawa da tsayin. Mace mai tsayin mita 1.6, in ta kai kilo 77 a farkon ciki ta taɓa 30, inda ƙiba ta fara ke nan. In ta kai kilo 90, ta haura 35. Duk yadda lambar ta hau, haka haɗarin ke hawa: ciwon sukari na masu ciki, hawan jini, da jijjiga, wadda har yau wasu ke ɗauka iska ce, a tsaya ana hayaƙi mace tana taune harshenta.

Amma abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne girman jariri. Sukarin da ya yi yawa a jinin uwa yana ratsawa zuwa ga ɗan, ya yi ta ƙiba a ciki har ya wuce kilo huɗu. Ranar haihuwa kai ya fito, a fara hamdala, sai kafaɗa ta maƙale a bayan ƙashin mara. Daga nan mintuna ake ƙirgawa, ba awanni ba. Akwai dabarun juya uwa da ɗa da ake koya wa ma'aikatan haihuwa don wannan lokacin. Ungozomar unguwa, duk da shekarunta da kyakkyawar niyyarta, abin da hannunta zai ba ta shi ne ta ja, jan nan kuwa yana iya shanye hannun yaro, jinkirin kuma ya hana ƙwaƙwalwarsa iska. In an tsallake wannan, saura zubar jini bayan faɗuwar mabiyiya, wanda ya fi samun mai jiki. A asibiti ma sai an yi lalube kafin a samu jijiyarta a ɗaura ruwa, balle an kwaso ta daga gida jiki ya yi sanyi.

Wani zai ce ai a Turai ma ana haihuwa a gida. Gaskiya ne. A Ingila ƙwararriyar ungozoma ce ke zuwa gidan da allurar tsayar da jini da na'urar sauraron bugun zuciyar jariri, ga motar asibiti da kiran waya ɗaya ke kawo ta. Duk da haka, wani babban bincike da aka wallafa can a 2011 ya gano cewa cikin masu haihuwar fari da suka shirya haihuwa a gida, kusan 45 cikin ɗari sai da aka kai su asibiti. Waɗannan fa mata ne da aka tantance ba su da wata larura. To mu da ƙarfe biyun dare, lungu babu fitila, mai adaidaita sahu ya kashe waya, da me muka dogara?

'Yar'uwa, jikinki ba abin kunya ba ne, kuma mata masu jiki da yawa suna haihuwa lafiya da kansu ba tare da tiyata ba. Abin da nake roƙonki, ki fara awo da wuri. Tun 2016 shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a ga ma'aikacin lafiya sau takwas kafin haihuwa. Ki nemi a gwada miki sukari tsakanin mako na 24 da na 28. Wajen awon hawan jini, ki ce a sa miki babban maɗauri, don ƙarami a damtse mai kauri ƙarya yake faɗa. Kada ki horar da kanki da yunwa wai don ki rame. Rage lemon kwalba da shayi mai zaƙi, ki riƙa taka ƙafa. Sannan ki tambayi malamar awo gaba da gaba: "Da yadda kika ganni, a ina ya kamata in haihu?" In ta ce asibitin da ke da ɗakin tiyata da ma'ajiyar jini, to can ne.

Maigida, nan ne naka. Kuɗin ragon suna ka fara tarawa tun ciki na wata huɗu, to na mota da na jini fa? Ka san rukunin jinin matarka, ka samo 'yan'uwa biyu da za su ba ta in an buƙata. Ka riƙe lambar direba biyu. A wasu jihohin Arewa direbobin ƙungiyar NURTW suna da tsarin kai masu naƙuda asibiti. Ka kuma furta a gaban mahaifiyarka da tata cewa ko ba ka nan ka ba da izini a tafi da ita. Ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, kumburin fuska, jini, ko ɗa ya rage motsi, ba a jiran gari ya waye.

Ku kuma ma'aikatan asibiti, ku ji tsoron Allah. Macen da aka yi wa dariya a kan sikeli a gaban jama'a, aka daka mata tsawa don ta kasa hawa gado da sauri, ba za ta dawo ba. Gida za ta zauna, ku kuka kore ta.

Iyayenmu mata, Hajiya, Inna, Gwaggo, maganarku ce ake ji a ɗakin nan. In 'yarku ko surukarku mai jiki ce kuma cikinta ya fito, ku ɗauki mayafi ku raka ta awo a wannan makon, ku ji da kunnenku inda aka ce ta haihu.