Wa Zai Ja Garma In Irin Azawak Ya Ɓace?

Duk wanda ya ratsa karkarar Tawa, Maraɗi ko Damagaram da faɗuwar damina zai ga bijimai biyu ƙarƙashin karkiya suna keta ƙasa, yaro na gaba da igiya, magidanci na baya riƙe da garma. Da rani kuma su ne ke jan amalanke da taki zuwa gona, su ja guga a rijiya mai zurfi, su kai mara lafiya asibiti cikin dare. Da yawa daga cikin waɗannan bijimai jinin Azawak ne, shanun da Hausawa ke kira shanun Adar, waɗanda Buzaye da Larabawa da Fulani suka raina a kwarin Azawak, tsakanin Nijar da Mali. Amma idan masu faɗa a ji suka zauna taron inganta kiwo, da wuya a ji an ambaci wannan aiki. Lita nawa saniya ke bayarwa, ita kaɗai ce tambayar da ake yi.

Ba a ce ƙasa ta yi watsi da wannan iri ba. Tun zamanin mulkin mallaka aka fara zaɓen Azawak a Filinge, kuma daga 1954 tashar Tukunus ta ci gaba da aikin, har ta fitar da jajayen shanun nan masu baƙin baki da baƙaƙen ƙafafu da ake alfahari da su a wajen baje koli. Cibiyar Ibesetan a jihar Tawa ita ma tana yaɗa irin. Sai dai ma'aunin da aka fi riƙewa shi ne nono da launin fata. Faɗin ƙirji, ƙarfin wuya, taurin kofato da sanyin hali, waɗanda manomi ke dubawa kafin ya zare kuɗinsa, ba su samu irin wannan kulawa ba. An ƙera garmuna da amalanke a ma'aikatun ACREMA ta Tawa da UCOMA ta Damagaram, aka bar dabbar da za ta ja su ga sa'ar kasuwa.

Kasuwar kuwa tana cin irin ne ta inda ba a lura. Manomi yakan zaɓi maraƙin da ya fi kowane kyan ƙira, ya horar da shi, ya yi noma da shi ƴan shekaru, sannan ya turke shi ya yi ƙiba, a loda shi a mota zuwa Najeriya. Ko an dandaƙe shi ko ba a dandaƙe ba, bai bar ɗa ko ɗaya a garke ba. Makiyayin da fatara ta matsa wa ya sayar da na kirki, ya bar ragowar suna barbara. Manomin ba shi da laifi, makiyayin ma haka. Kowa na neman abin da zai rufa wa iyalinsa asiri. Laifin yana wuyan tsarin da ya kasa keɓe bijiman iri, ya biya mai su ladan riƙe su.

A kan wannan rauni ne aka zo da ɗurar maniyyin shanun Turai, irin su Holstein. Masu goyon bayan haka suna da hujjarsu: Yamai na shan madarar gari da ake sayowa daga waje, kuma ruwa-biyu ta fi saniyar gida nono. Gaskiya ne, muddin tana cikin inuwa, ga dusa, ga ruwa, ga likitan dabbobi a kusa. To amma rabin abin da shanu ke haifa maza ne. Ina za a kai ɗan Holstein mara tozo, wanda zafin bazara ke sa shi haki tun kafin hantsi? Karkiya a gaban tozo take zama. Farin 1973 da na 1984 sun riga sun tace shanun wannan ƙasa, waɗanda suka tsira sun gadar wa ƴaƴansu juriyar da ba a sayo ta da kuɗi. Kayan aro ba ya rufe katara, kuma jinin da ya gauraye a garke ba ya sake rabuwa.

Masu cewa tarakta ta kusa maye gurbin shanu, sai su faɗi manomi nawa ne mai eka ƙalilan zai iya sayen gazuwal da kayan gyara. Sa yana cin karan gonar da ya nome, ya mayar mata da taki, in ya tsufa a sayar da shi fiye da yadda aka saye shi. Babu injin da ke yin haka.

Abin da ya kamata a yi a fili yake. A tsayar da gauraye a gidajen nonon da ke kewayen birane, a hana shi shiga garkunan arewa. Tukunus da Ibesetan su riƙa auna ƙarfin ja kamar yadda suke auna nono. Kowace ƙungiyar makiyaya ta samu bijiman iri da ba a sayarwa, a kuma kare burtali da makiyaya kamar yadda dokar kiwo ta 2010 ta tanada, domin iri ba ya rayuwa inda babu ciyawa. Malaman makaranta da ƙungiyoyin raya al'adu su ma da nasu rabon: su rubuta abin da tsofaffin makiyaya suka sani na gane sa nagari tun suna raye, su koya wa yaro cewa mai riƙe da garma ba koma-baya ba ne. Garma in ta karye, maƙeri na nan. Iri in ya ɓace, babu maƙerin da zai sake ƙera shi.