Haɗa Shuka Ba Jahilci Ba Ne

An daɗe ana cusa mana cewa noman zamani shi ne gona ɗaya, iri ɗaya, wai wanda ya haɗa masara da wake da kabewa wuri guda bai waye ba. Ni ban yarda ba, kuma hujjata tana bayan gidajen garin Ibohamane.

Ka leƙa garkar da uwargida ta killace da ƙaya cikin watan Agusta. Masara ta miƙe a kan toka da takin awaki. Wake ya yaɗu a gindinta. Ganyen kabewa ya rufe ƙasa ruf, ciyawa ta rasa ta inda za ta ɓullo, in ka tura hannu ƙarƙashi ka ji danshi ko ruwa ya yi kwanaki bai sauka ba. Ka tumɓuke wake ɗaya ka dubi saiwarsa. Ƙananan ƙulle-ƙullen nan su ke jawo wa shuka, daga iska, irin sinadarin da muke saye da tsada a buhun uriya.

Masu suka sukan ce masarar ba ta yin yawa. To, su ƙirga duka abin da garkar ta bayar. Yara sun gasa masara tun hatsi bai nuna ba, lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Wake ya shiga tukunya, harawa ta hau rufin ɗaki don tumaki, kabewa ta kai rani ana miya da ita. Idan damina ta yanke, ɗaya ya mutu, wani ya tsira. A ƙasarmu ta Adar, wanda ya dogara da iri ɗaya caca yake yi da cikin iyalinsa.

Tun 1984 da aka fara aikin ceto ƙasa na Keita da tallafin Italiya da hukumar FAO, matanmu suka ɗauki duwatsu a ka don hana ruwa kwashe ƙasa. Ƙasar da aka ceto da wannan gumi, ai ba a barinta tsirara. Manoman Meziko ma sun shafe dubban shekaru suna haɗa masara da wake da kabewa, yau masana na zuwa koyo wurinsu.

Malaman gona, ku kawo mana ingantaccen iri, muna so. Amma kafin ku ce wa uwargida ta raba shukarta, ku durƙusa ku taɓa ƙasar garkarta. Da tsohuwar zuma ake magani.