Da hannu yaro yake fara koyon lissafi

Makon jiya na shiga wani ajin jardan don in duba ɗalibata da take gwajin koyarwa. Yara suka rera ƙidaya da Faransanci daga 1 har 20, babu kuskure. Sai na zuba tsakuwa bisa tabarma, na ce wa wata yarinya: "Ba ni bakwai." Ta damƙo cike da hannu ta miƙo mini. Baki ya haddace, kai bai gane ba.

Malamai kan ce ba a kawo musu kayan aiki ba. Gaskiya ne. Amma karan hatsi da marufan kwalba da yumɓu ba sai an jira su daga Yamai ba. A yanyanka kara, yaro ya ɗaure goma-goma da kansa. Kafin ya shiga CI ya san 13 ɗauri guda ne da kara uku.

Ku kuma iyaye, in ɗiyanku sun komo gida da laka a riga, kada ku ce malama ta bar su suna wasa. Ku zuba musu wake, su raba muku shi kashi biyu daidai.