Fort Bragg: Tarihin sansanin sojojin ƙundumbala na Amurka da taƙaddamar sunansa

Cikin ƙasa da shekaru 2 an sauya sunan sansanin soja na Fort Bragg da ke jihar North Carolina ta ƙasar Amurka har sau biyu. A watan Yuni na shekarar 2023 aka raɗa masa suna Fort Liberty, sannan a watan Fabrairu na shekarar 2025 sakataren tsaro Pete Hegseth ya ba da umurnin mayar masa da sunansa na da. Kafin mu fahimci dalilin wannan ja-in-ja, ya kamata mu waiwayi tarihin wurin.

An kafa sansanin ne a shekarar 1918, dab da ƙarshen yaƙin duniya na farko, domin horar da masu harba manyan bindigogin atilare. An sa masa sunan Braxton Bragg, haifaffen jihar, wanda ya mallaki bayi, kuma ya zama janar a rundunar jihohin kudu da suka ɓalle a yaƙin basasa na shekarun 1861 zuwa 1865. Bayan yaƙin duniya na biyu, runduna ta 82 ta sojojin laima ta tare a wurin.

Babban sauyi ya zo ne a shekarar 1952, lokacin da Kanar Aaron Bank ya kafa rukuni na 10 na sojojin ƙundumbala a sansanin, bisa manufar kutsawa bayan dagar abokan gaba a Turai da horar da 'yan sari-ka-noƙe. A watan Oktoba na shekarar 1961 shugaba John Kennedy ya ziyarci sansanin, kuma a wannan lokaci ne aka amince wa waɗannan dakaru su riƙa sanya koriyar hular da aka san su da ita. A shekarar 1977 Kanar Charles Beckwith ya kafa rundunar Delta a nan domin yaƙi da ta'addanci. Amma yunƙurin ceto Amurkawan da aka yi garkuwa da su a Tehran a watan Afrilu na shekarar 1980 ya ci tura, sojoji 8 kuma suka rasa rayukansu a hamadar Iran. Sakamakon haka aka kafa hedkwatar haɗin gwiwa ta ayyuka na musamman, wato JSOC, domin sassan rundunar su daina aiki kowa gabansa gaɗi.

Wannan tarihi ya taɓa yankinmu. Sojojin Amurka 4 da aka kashe tare da wasu sojojin Nijar a kwanton ɓaunar Tongo Tongo, a ran 4 ga watan Oktoba na shekarar 2017, suna aiki ne ƙarƙashin rukuni na 3, wanda mazauninsa ke Fort Bragg. Sai a lokacin ne Amurkawa da yawa, har da wasu 'yan majalisa, suka farga da yawan dakarunsu a Nijar. A watan Satumba na shekarar 2024 aka kammala janye su, bisa buƙatar hukumomin Yamai.

Game da batun suna kuwa, bayan kisan George Floyd a shekarar 2020, majalisar dokokin Amurka ta zartas da dokar cire sunayen jagororin 'yan aware daga kadarorin soja. Don haka da aka tashi dawo da sunan, sai aka ce an karrama wani Bragg ɗin daban, wato Roland Bragg, ƙaramin sojan laima da ya sami lambar yabo ta Silver Star a yaƙin duniya na biyu. Masu goyon baya sun ce an mutunta sunan da dubban tsofaffin sojoji suka shaƙu da shi, masu suka kuma suna ganin dabara ce ta zagaye doka.

A ganinmu, darasi biyu ne a nan. Na farko, ƙasar da ba ta daidaita kan tarihinta ba, kowace sabuwar gwamnati za ta sake tono shi, ana kashe kuɗin jama'a a kan alluna da takardu. Na biyu, aikin sojojin ƙundumbala na buƙatar sirri, amma idan sirrin ya kai ga wakilan jama'a ba su san inda aka tura 'ya'yansu ba, to ba wanda zai tambayi dalili sai bayan an yi asarar rai. Wannan ya shafi ƙasar da ta tura dakarun da kuma wadda ta karɓe su.