Dara Ba Wasan 'Yan Zaman Kashe Wando Ba Ce

Mai karatu, ni ba Bahaushe ba ne. Bagware ne daga wani ƙauye kusa da Gwagwalada. A tasha da kasuwa na tsinci Hausata, kafin na zo jami'a malamai su soma gyara mini gwarancina. A tashar nan kuma na koyi dara, wurin wani dattijo mai sayar da goro.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, kwanakin baya wani ɗan ajinmu ya zo da wasan kwali mai suna Azul, wanda wani Bajamushe, Michael Kiesling, ya fitar a 2017. Ana jera 'ya'ya ne masu launi biyar, kuma launi ɗaya ba ya maimaituwa a layi, tsaye ko kwance. Dokar Sudoku ke nan, an dai musanya lamba da launi. Abokina ya ce wannan shi ne wasan masu ƙwaƙwalwa, ba darar 'yan zaman kashe wando ba. Maganar ta tsaya mini a rai.

Sudoku dai gida 81 ne, a cika su da lamba 1 zuwa 9. Ya fara fitowa a wata mujallar Amurka a 1979, Japanawa suka karɓe shi a 1984 suka raɗa masa wannan suna, jaridar The Times ta Landan ta yayata shi a 2004. Mutum shi kaɗai yake yin sa. Da masu ƙirƙirar wasanni suka ara dokarsa, sai suka ƙara masa abokin karawa, wanda kake gina naka kana ɓata nasa.

To, don Allah me dara take yi in ba wannan ba? Gurbi 30 ake haƙawa a ƙasa, layi 5 mai gurbi shida-shida. Kowa yana da 'ya'ya 12, wannan tsakuwa, wancan tsinke. Da farko ana ajiye su ɗaya bayan ɗaya, kuma an hana ka jera uku a wannan lokacin. Sai an gama ajiya a fara turawa zuwa gurbin da ke maƙwabtaka. Wanda ya jera uku ya ci ɗan abokinsa guda. Ka lura, in an ajiye 24, gurbi 6 kacal suka rage, kuma a kansu ake duk rigimar. Dattijon nan tun wurin ajiya yake gamawa da ni. Ina murna na kusa jera uku, ashe ya riga ya toshe duk inda zan motsa.

Jera lambobi ma ba baƙonmu ba ne. Hatimin da malamai ke zanawa, mafi ƙanƙantarsa gida 9 ne, kowane layi ka tara 15 zai ba ka. Wani malamin Katsina, Muhammadu ɗan Muhammadu al-Katsinawi, ya rubuta littafi da Larabci a 1732 kan dabarun tsara irin waɗannan gidaje. A Alƙahira ya rasu a 1741. Ban ce daga wurinsa Sudoku ya fito ba, kada a ɗora mini abin da ban faɗa ba.

Inda nake ganin laifinmu, mu ɗaliban Hausa, shi ne mun mayar da wasannin gargajiya abin hadda. Mu lissafo langa da dara da carafke a jarrabawa, mu sami maki, shi ke nan. Mun iya cewa "dara ta ci gida", amma mu nawa ne muka taɓa tsugunawa gaban gurbi? Alhali a bakin masu dara akwai kirari da habaici da kalmomin da suka isa kundin digiri guda, masu su kuwa tsufa suke yi.

Shawarata ga ƙungiyarmu, a sami katako a fafe gurbi 30 a ajiye a ƙofar sashe. Kuɗinsa ba zai kai na kwalin nan na Turai ba. Shi kuwa abokina, ya yarda ranar Asabar zan kai shi tasha ya kara da mai goro, ɗan aro ba ya shiga.